Horatio Nelson, Sarkin Yaƙin Ruwa na Ingila

 

Yau za mu bar tudu mu shiga teku. Za mu koma baya fiye da shekara 200, mu ji labarin wani Bature ɗan Ingila mai suna Horatio Nelson. Mutum ne ɗan siriri, ba shi da cikar jiki. Idonsa na dama ba ya gani. Hannunsa na dama an yanke shi. In igiyar ruwa ta tashi, jiri da amai ne ke kama shi, haka ya yi ta fama har ƙarshen rayuwarsa. Amma har gobe mutanen Ingila ba su da sarkin yaƙin ruwa da suke ambato kamarsa.

To, me ya sa yake cin nasara? Tambayar shirinmu ta yau ke nan. Za mu bi ta kashi shida. Ku gyara zama.

Kashi na farko, tasowarsa.

An haifi Nelson ran 29 ga Satumba, 1758, a wani ƙauye mai suna Burnham Thorpe, a yankin Norfolk da ke gabashin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. Su 11 aka haifa a gidan, shi ne na shida. Yana da shekara 9 mahaifiyarsa ta rasu, ta bar uban da tulin 'ya'ya.

Yana da wani kawu, Maurice Suckling, kyaftin a rundunar sojan ruwa. Kyaftin a nan shi ne shugaban jirgin yaƙi guda, wuƙa da nama suna hannunsa. A 1771, Nelson yana ɗan shekara 12, ya bi kawun nan ya shiga jirgi. Shekara 12, jama'a. Yaron da a yau bai gama firamare da daɗewa ba.

Ya yi yawo ƙwarai. A 1773 ya bi wasu jirage zuwa can ƙuryar arewacin duniya, inda ruwan teku ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Ya je Indiya, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, aka maido shi gida a rame. A 1779, yana da shekara 20, ya zama cikakken kyaftin. A faɗi gaskiya, akwai ɗaurin gindi a wannan saurin. Kawun nasa ya riƙe babban muƙami a ofishin rundunar. Amma ɗaurin gindi ƙofa kaɗai yake buɗewa, aikin da ke ciki sai mutum ya iya.

A 1787 ya auri wata bazawara mai ɗa guda, Frances Nisbet, a tsibirin Nevis da ke yankin Karibiyan. Lokacin babu yaƙi, don haka babu jirgi. Ya yi shekara biyar zaune a ƙauye a kan rabin albashi, yana ta rubuta takardun neman aiki, shiru. Sai a 1793, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa bayan juyin juya halin Faransa, aka ba shi jirgi mai suna Agamemnon, mai igwa 64.

Kashi na biyu. Yaya ake yaƙin ruwa a wancan zamani? Ku saurara da kyau, don a nan amsar tambayarmu take.

Jiragen katako ne. Babu inji, babu man fetur. Manyan ƙyallaye ake ɗaurawa a kan dogayen sanduna, iska ta hura su, jirgi ya tafi. In iska ta kwanta, jirgi ya tsaya. Makaminsu igwa ce, wato babbar bindiga mai harba dunƙulen ƙarfe. Igwogin a jere suke ta gefen dama da ta gefen hagu. Ta gaba da ta baya kuwa kusan babu komai. Ku riƙe wannan: jirgi ta gefe yake faɗa, gabansa da bayansa a buɗe suke.

Saboda haka al'adar yaƙi ita ce, kowace runduna ta jera jiragenta a layi ɗaya, wannan na bin wancan. Layi biyu su tsaya gefe da gefe, su yi ta ɓarin wuta. In an gaji, ko dare ya yi, kowa ya kama gabansa. Sau da yawa a tashi babu wanda ya ci wani.

Umarni kuma fa? Babu waya, babu rediyo. Tutoci ne. Babban kwamanda, wanda ake kira adimiral, zai ɗaga tutoci masu launi a saman jirginsa, kowane jeri da ma'anarsa. Sauran jirage su duba su karanta. To amma da zarar an fara harbi, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, ba mai ganin tuta. Kyaftin zai tsinci kansa shi kaɗai, ba ya ganin maigidansa, ba ya jin muryarsa.

Ku ɗauki misalin ɗan kasuwa da ya yi tafiya ƙauyen da babu sabis, ya bar yara biyu a shago. Na farko abin da ya sani shi ne, kada ka taɓa wannan, kada ka sayar da wancan sai na ce. Na biyu kuwa maigida ya zaunar da shi, ya gaya masa nawa aka saro kaya, nawa ne riba, wane ne ake ba bashi, wane ne ba a ba. Babban ciniki ya zo, waya ba ta shiga. Yaron farko zai ce a jira Alhaji, ciniki ya wuce. Na biyu zai yanke shawara, don ya san abin da maigida yake nufi.

Nelson irin yaro na biyu yake so kyaftin-kyaftin ɗinsa su zama. Yakan kira su jirginsa, a ci abinci tare, a baje taswira, a yi ta tattaunawa. In mun same su haka, ga abin da za mu yi. In iska ta juya, ga abin da za mu yi. Yana faɗa musu nufinsa tun kafin hayaƙi ya tashi. Wannan jumla za ku sake jin ta: yana faɗa musu nufinsa tun kafin hayaƙi ya tashi.

Kashi na uku, ido da hannu da yaƙin bakin Nilu.

A 1794 ana kewaye da garin Calvi a tsibirin Kosika. Nelson ya sauka tudu da igwoginsa. Harbin abokan gaba ya daki tarin ƙasa kusa da shi, tsakuwa da rairayi suka watsu masa a fuska. Daga ranar idon dama ya daina gani.

Ran 14 ga Fabrairu, 1797, jiragen Ingila 15 suka gamu da 27 na Sifen, ƙawar Faransa a yaƙin, kusa da wani wuri da ake kira Cape St Vincent, a gaɓar Fotugal. Babban kwamanda shi ne John Jervis. Nelson ya hango jiragen Sifen na shirin haɗewa su tsere. Bai jira tuta ba. Ya fitar da jirginsa daga layi ya tare musu hanya. Ya ja mutanensa suka haura jirgin Sifen guda, suka ƙwace shi, suka bi ta kansa suka haura na biyu. Barin layi babban laifi ne in abin ya ɓaci. Da yake ya yi kyau, Jervis yabo ya yi masa.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Yulin shekarar, ya kai hari cikin dare a Santa Cruz, a tsibirin Tenerife, can yamma da gaɓar Maroko. Mutanen Sifen suna shirye. Harsashi ya farfasa masa hannun dama. Aka mayar da shi jirgi, likita ya yanke hannun, babu allurar kashe zafi, don ba a san ta ba a lokacin. Harin ya watse, an yi asarar mutane. Nelson ya koma gida ya koyi rubutu da hagu.

Shekara na zagayowa, 1798, Napoleon, janar ɗin Faransa, ya kwashi runduna ya tsallaka Bahar Rum ya ci Masar. Nelson ya yi makonni yana neman jiragen da suka kai shi. Ran 1 ga Agusta, da la'asar sakaliya, ya same su a Abu Ƙir, kusa da Iskandariyya. Manyan jiragen Faransa 13 ne, a jere, kowanne ya jefa anka, wato ƙugiyar ƙarfe mai riƙe jirgi wuri ɗaya. Bayansu ruwa ne marar zurfi. Kwamandansu, Brueys, ya sakankance ba mai iya bi ta can. Ya kuma zaci ba za a kawo hari da almuru ba.

Ga abin da ya faru. Jirgin da ke gaba cikin na Ingila shi ne Goliath, kyaftin ɗinsa Thomas Foley. Foley ya lura da wani abu. Jirgin da ke kan anka ɗaya, iska na juya shi dama da hagu. In har akwai wurin da zai juya bai taɓa ƙasa ba, to akwai wurin da wani jirgi zai ratsa. Sai ya kutsa ta bayan layin Faransa, ta ɓangaren tudu. Wasu jirage suka bi shi. Nelson da sauran suka zo ta ɓangaren teku. Aka sa Faransawa a tsakiya. Igwoginsu na ɓangaren tudu ma ba a shirya su ba, kaya ne jibge a kansu.

Wajen ƙarfe goma na dare, wuta ta kai ɗakin albarushin babban jirginsu, L'Orient. Ya tarwatse da ƙarar da ta sa aka dakata da harbi na ɗan lokaci. Kafin a gama, cikin jirage 13, an kama ko an hallaka 11. Rundunar Napoleon ta maƙale a Masar. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Salim na Uku, wanda Masar ke ƙarƙashinsa, ya aika wa Nelson kyautar ado na lu'ulu'u da ake maƙalawa a rawani. Nelson ya riƙa sa shi a hularsa.

Kun ga Foley bai jira tuta ba. Ya san nufin maigidansa.

A 1801 kuma, a yaƙin Copenhagen da Denmak, babban kwamanda Hyde Parker ya ɗaga tutar a janye. Ana ba da labarin cewa Nelson ya ɗora madubin hangen nesa a makahon idonsa, ya ce shi bai ga wata tuta ba. Ya ci gaba da faɗa har aka tsagaita wuta bisa sharaɗin da ya yi wa Ingila daɗi.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna kawo tarihin Horatio Nelson ne, sarkin yaƙin ruwa na Ingila. Ga kashi na huɗu, aibobinsa. Don tarihi ba kirari ba ne.

Bayan yaƙin Nilu ya sauka a Naples, a kudancin Italiya. A can ya shaƙu da Emma Hamilton, matar jakadan Ingila. Abin ya zama abin magana a ko'ina. Ya rabu da matarsa Frances, wadda ta yi jinyarsa lokacin da aka yanke masa hannu. Emma ta haifa masa 'ya, Horatia, a 1801.

Na biyu ya fi wannan nauyi. A 1799 masu neman jamhuriya a Naples suka miƙa wuya, bisa alkawarin za a bar su su fita lafiya. Nelson ya iso ya ce bai yarda da yarjejeniyar ba. Aka miƙa su ga sarkin Naples, aka kashe da dama daga cikinsu. Wani adimiral ɗan ƙasar, Francesco Caracciolo, an yi masa shari'a an rataye shi a rana guda, aka jefa gawarsa teku. Har yau masana tarihi na ɗaukar wannan a matsayin tabo mafi muni a rayuwarsa.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. A zamanin ana jigilar 'yan Afirka zuwa gonakin rake na Karibiyan a matsayin bayi. A 1805 Nelson ya rubuta wa wani mai irin waɗannan gonaki a Jamaika, Simon Taylor, wasiƙa. A ciki ya nuna yana tare da masu gonakin, ya kuma soki William Wilberforce, ɗan majalisar da ke fafutukar a haramta cinikin bayi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasar Barbados ta sauke mutum-mutuminsa daga tsakiyar babban birninta a 2020.

Kashi na biyar, Trafalgar.

A 1803 aka ba shi jagorancin rundunar Bahar Rum. Jirginsa shi ne Victory, mai igwa 104 da mutum sama da 800. Aikinsa ya tsare jiragen Faransa da ke tashar Toulon. Ya yi kusan shekara biyu ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba. A wannan zama ya kula da cikin mutanensa. Ya nemo musu albasa da lemon tsami da ɗanyen nama, don cutar rashin ɗanyen abinci, mai sa dasashi zubar jini, ta fi igwa kashe matuƙa. Suna kuma atisayen harbi kullum, alhali Faransawa na daskare a tasha. Ranar yaƙi, mutanen Ingila sun fi saurin ɗura igwa su harba.

Napoleon na son tsallakawa ya ci Ingila. A 1805 adimiral ɗinsa, Villeneuve, ya sulale daga Toulon. Nelson ya bi shi har Karibiyan, ya sake biyo shi suka dawo. Daga ƙarshe jiragen Faransa da na Sifen suka taru a tashar Cadiz, a kudancin Sifen.

Nelson ya iso wajen Cadiz a ƙarshen Satumba. Ran 29, ranar da ya cika shekara 47, ya tara kyaftin-kyaftin a Victory suka ci abinci. Ya baje musu shirinsa. Ba za mu jera gefe da gefe ba. Za mu rabu, mu nufe su kai tsaye, mu yanka layinsu. Na gaba sai sun ɓata lokaci kafin su juyo da iska. Kafin nan mun gama da na tsakiya da na baya. Ran 9 ga Oktoba ya rubuta musu shirin a takarda. Ya ƙara da cewa in ba a ganin tuta, duk kyaftin ɗin da ya manna jirginsa da na abokin gaba bai yi babban kuskure ba. Kun ji ko? Ya faɗa musu nufinsa tun kafin hayaƙi ya tashi.

Ran 21 ga Oktoba, 1805, aka haɗu kusa da Trafalgar. Don ku gane zamanin, kusan shekara biyu ke nan bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu. Ingila na da manyan jirage 27. Faransa da Sifen na da 33. Nelson ya ja layi ɗaya, abokinsa Cuthbert Collingwood ya ja ɗaya. Kafin a fara, ya sa aka ɗaga tutoci da saƙon cewa Ingila na sa ran kowa zai sauke nauyin da ke kansa.

Ku tuna abin da muka ce, jirgi ta gefe yake faɗa. Wanda ya nufo kai tsaye, shi za a yi ta harbi, ba shi da bakin ramawa. Ga shi ranar iska ta yi sanyi, jirage na tafiya kamar ba sa so. Victory ya daɗe yana shan wuta bai rama ba. Sakataren Nelson, John Scott, yana tsaye kusa da shi harbin igwa ya kashe shi nan take. Aka farfasa sitiyarin jirgin. Nelson na ta kai da komo a saman jirgi tare da Kyaftin Thomas Hardy, sanye da rigar da aka ɗinka wa taurarin girmamawa a ƙirji.

Da Victory ya ratsa layi, ya bi ta bayan jirgin Villeneuve, ya sakar masa igwogin gefe guda. Harbin ya shiga ta baya ya share cikin jirgin har gaba. Daga nan Victory ya sarƙe da wani jirgin Faransa, Redoutable, wanda aka cika saman sandunansa da maharba. Wajen ƙarfe ɗaya da kwata na rana, ɗaya daga cikinsu ya harbo. Harsashin ya shiga ta kafaɗar hagu ta Nelson, ya ratsa huhu, ya karya ƙashin baya.

Aka sauko da shi ƙasan jirgi. Ya sa aka rufe masa fuska da hankici, don kada mutanensa su gani gwiwarsu ta yi sanyi. Ya yi awa uku yana jin jiki. Ba ya iya jagorantar kyaftin-kyaftin a wannan lokaci, amma yaƙi bai tsaya ba. Hardy ya sauko ya shaida masa an ci nasara. Ya gode wa Allah da ya sauke nauyinsa. Wajen ƙarfe huɗu da rabi ya cika.

Faransa da Sifen sun rasa jirage 18. Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba. Mutanenta kimanin 450 suka mutu, na ɗaya ɓangaren kuwa dubbai. Aka sa gawarsa a gangar barasa don kada ta lalace. Ran 9 ga Janairu, 1806, aka binne shi a majami'ar St Paul da ke Landan. Emma kuwa, wadda ya bar wa ƙasarsa amanarta, ta mutu cikin talauci a Faransa a 1815.

Kashi na shida kuma na ƙarshe, abin da ya biyo baya.

Ana yawan cewa Trafalgar ce ta hana Napoleon shiga Ingila. A gyara zancen. Tun watan Agusta ya riga ya kwashe sojojinsa daga bakin teku ya nufi Ostiriya, kuma ya yi shekara goma yana yaƙi bayan nan. Abin da Trafalgar ta yi shi ne, ta bar wa Ingila teku. Fiye da shekara 100 babu wata runduna da ta iya ƙwace mata iko da teku.

A nan labarin ya iso ƙofarmu. A 1807 majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi, abin da Nelson bai so ba. Daga 1808 rundunar da ya bari ce ta riƙa sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma tana kama jiragen bayi. Ita ce kuma ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851, aka tumɓuke Sarki Kosoko. A 1861 Ingila ta mallake Legas. Hafsoshi da bindigogin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ta teku suka zo, kuma babu mai iya tare musu hanya. Runduna guda ta 'yanta bayi, ita ce kuma ta share wa mulkin mallaka hanya.

Wanda ya je Landan zai ga dandalin Trafalgar, da mutum-mutumin Nelson a kan ginshiƙi mai tsawon mita 50 da 'yan kai. A gindin ginshiƙin akwai zanen tagulla na faɗuwarsa, a ciki har da wani baƙar fata riƙe da bindiga, don jiragen nan sun ɗauki mutane daga ƙasashe da yawa. Jirgin Victory ma yana nan a Portsmouth, ana shiga kallo.

To jama'a, mu tattara. Na ɗaya, Nelson ya kula da lafiyar mutanensa da horonsu tun kafin ranar yaƙi. Na biyu, ya faɗa musu nufinsa, sannan ya amince su yanke shawara, shi ya sa ya faɗi amma rundunarsa ba ta rikice ba. Na uku, gwaninta a fagen fama ba ta wanke shi daga abin da ya yi a Naples ba, ba ta kuma wanke shi daga goyon bayan masu bayi ba.

Maigida, shugaban makaranta, uwargida mai sana'a, ga tambaya gare ku. In yau kuka yi tafiya, waɗanda kuka bari sun san dalilin abin da kuke sa su yi, ko umarni kawai suka haddace? Ku tattauna a gida.